Mayafin da Ya Kashe Wasan Don Aniello

Ranar da aka binne mijina, Don Aniello ne ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Taliya da wake ya kawo, girkin hannunsa, har ta kama gindin tukunya. Ya ajiye, ya cire hula, ya koma. Shekara goma sha tara muna gida ɗaya a Napoli, ɗakinsa a saman nawa, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ɗan mai ɗinkin takalma ne. Ya fara da kwafe wa 'yan wasan kwaikwayo takardunsu, daga baya ya soma rubuta nasa, da harshenmu na lungu. An ce kafin yaƙi har faɗa ake yi a kan kujera in za a nuna wasansa. Ni ban gani ba. Wanda na sani tsoho ne mai tari, da ke tsayawa hutu a rabin matakala. Shekara goma sha biyu ba a nuna wasansa ko ɗaya ba, amma kullum ina jin keken rubutunsa a kaina.

Can sai wani ƙaramin gidan wasa ya karɓi sabon da ya rubuta. Mai wurin ya ce gwajin kwana uku ne, in ba a cika ba kada ya sake kawo masa takarda. Don Aniello ya miƙo mini tikiti.

"Donna Nunzia, ko sau ɗaya dai ki zo ki ga zunubin da nake aikatawa."

Lokacin azumin Ista ne. Na fito coci da la'asar da mayafina na shunayya, launin da Fada, limamin cocinmu, ke sawa a waɗannan makonni, na wuce kai tsaye. Ban taɓa shiga gidan wasa ba. A bakin ƙofa wata 'yar wasa, Fortunata, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Mama, kashe mu kika zo yi? Shunayya a nan?"

"Na coci ne, 'yata."

"To mayar da shi cocin! Kakanninmu 'yan wasa in suka ga wannan launin a coci, azumi ya kama, an rufe gidajen wasa ke nan, kwana arba'in sai yunwa."

Na cusa shi a jaka, amma kowa ya riga ya gani.

Mu ashirin da uku ne a ciki. Wasan ya yi tsawo. Ba wanda ya yi dariya, na kusa da ni har minshari ya yi. Ni ma, Allah ya gafarta mini, carbina na ja a ɓoye. Kashegari aka dakatar da shi.

Unguwa ta ɗauka: mayafin Nunzia ya kashe wasan Don Aniello. Mahauci in ya hango ni sai ya ce, "A rufe shago, ga shunayya nan!" Na gaji da rantsuwa cewa tsumma ba ya korar mutane, wasan ne bai yi daɗi ba.

Don Aniello ya yi shekara biyu bayan haka, yana ta rubutu, har Allah ya karɓi abinsa. Abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya. Mako guda bayan wasan ya sauko, ya zauna a kujerar marigayi, ya daɗe yana mai da numfashi.

"Na ji abin da kike gaya wa mutane," ya ce. "Ban ce ƙarya ba ce. Amma in ba mayafin ba ne, to ni ne, kuma gobe da safe dole in zauna gaban keken nan. Don Allah, Donna Nunzia, ki daina musawa. Ki bar su su ce mayafinki ne."