Yanar da Na Share a Lungun Bene

Akwai wata safiya ta farkon watan Muharram da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da sauran abubuwan da na sani duk sun zube kamar yadda haƙorana suka yi.

Ni dai mutum ne mai tsokana tun ina yaro, tsufa kuma bai rage mini komai ba sai gashin kai. Karatu ban yi nisa ba, malamina ya riga ni gajiya. Abin da na iya shi ne shara. Shekara talatin na yi ina share ofisoshi a unguwar Bagdadiyya, nan ƙasa mai tsarki, har hannuna ya saba, in ya ga yana a lungu ba ya jiran izinina.

A lokacin muna zaune a unguwar Nuzla, ni da ɗana da matarsa da 'yarsu, jikata, mai shekara tara. A ɗakinmu na saman bene kuma mun saukar da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta zo umara ta zauna tana dafa wa leburori abinci, ita da 'yarta sa'ar jikata. Yarinyar ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ba ta zuwa makaranta. Jikata Larabci ya fi zama a bakinta, ita kuma Hausa zalla, amma sun fi ni da ɗana fahimtar juna.

Duk shigowar sabuwar shekarar Hijira, makarantar haddar unguwarmu takan sa yara su haɗa siffar kogon da Manzon Allah (SAW) ya ɓuya a ciki, da yanar da gizo-gizo ya saƙa a bakinsa. Iyaye mata kuma su aika da ɗan abin taɓawa. Surukata ta cika faranti da dabino, ta soka wa kowanne ƙafafu takwas na soyayyar taliya, da idanu biyu na riɗi. Na lallaɓa na cinye biyar. Da ta kama ni na ce mata ƙwari nake rage wa gidan.

Kogon da kwalin madara yaran nan suka yi shi su biyu. Yanar kuwa 'yar baƙuwar ce ta ce a bar mata. Ta warware zaren wani tsohon farin mayafin uwarta, siriri kamar gashi, ta yi kwana uku tana ƙullawa. Da ta gama sai suka shafa mata gam, suka miƙe ta a kan ƙusoshi a lungun matakalar bene don ta bushe. Ni ba na gida lokacin da suka rataye ta.

Washegari na dawo daga sallar asuba, babu tabarau a idona. Ina ɗaga kai na ga yana shimfiɗe a lungu, faɗinta ya kai faifai. Na ce a raina, lallai wannan gizo-gizon bai san gidan wa ya shigo ba. Tsintsiya ɗaya na kai mata. Sai da na sa hannu zan cire abin da ya maƙale na ji danƙon gam, na ji zare. Nan take na gane. Na jefar da ita a ƙasa, na jingine tsintsiyar, na shige ɗaki na ja bargo, ni da furfurata.

Ihun jikata ne ya fito da kowa.

"Ya Sidi, shuf! Kaka, duba! An lalata mana, an lalata!"

Surukata ta ɗaga zaren da ya dunƙule, ta ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Da na ce ni ne, da an yi mini dariya, an kira ni makaho, jikata ta yi kukanta ta gama. Amma bakina da ya saba zillewa sai ya riga ni. Na yi miƙa, na ce, "Ni me na sani? Ku tambayi mai riga kowa tashi a gidan nan."

Wallahi da wasa na faɗa. Na ɗauka za a yi dariya magana ta wuce. Ba wanda ya yi dariya. Idanu duk suka koma kan yarinyar, domin kowa ya san ita ke saukowa da asuba ta ɗibar wa uwarta ruwa.

"Dama na sani," in ji surukata. "An ce mata ba za ta je bikin ba tunda ba ɗaliba ba ce, shi ne ta huce a kan aikin."

"Wallahi Anti ba ni ba ce. Ni fa na saƙa ta."

"Shi ya sa kika ga kina da ikon ɓata ta."

Uwar ta sauko, ta ji abin da ake cewa. Ba ta tambayi 'yarta komai ba, ta ɗauke ta da mari a gabanmu. Yanzu na gane ba don ta yarda ba ne, ɗakinsu take ƙoƙarin ceta. Bai cetu ba. Surukata ta ce halas, magana ta ƙare, ba za ta haɗa 'yarta da yarinya mai hassada ba, su nemi wani wuri. Ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, me ka ce?" Na ce, "Ku dai yi haƙuri da juna." Iyakar jarumtata ke nan.

Kafin la'asar ɗin washegari sun kwashe 'yan komatsansu sun koma unguwar Sa'alaba. Jikata ta kai kogonta makaranta da auduga a bakinsa, ta dawo ta ajiye shi a bayan ƙofa ba ta sake kallonsa ba.

Kwana uku ina juya maganar a raina. Ran na huɗu na hau mota na bi tambaya har na same su, a wani ɗaki da mata biyar ke kwana. Yarinyar na zaune a bakin ƙofa tana yanka albasa. Ta gaishe ni har ƙasa. Na tsuguna da ƙyar, na ce, "'Yata, na zo in faɗa miki wata magana. Yanar nan..."

"Na sani, Baba. Ina saman matakala da bokitina. Na ga lokacin da ka share."

Na ce, "Kin gani? To me ya hana ki faɗa?"

Ta ci gaba da yankanta. "Inna ta ce in kana gidan mutane ba ka ƙaryata mai gida. Kuma ko na faɗa, Baba, tsakanina da kai wa za a yarda da shi?"

Na miƙe da ƙyar na kama hanya.

Na koma gida na tara kowa na faɗi gaskiya, ba ƙari ba wasa. Jikata ta ce, "Inta, ya Sidi? Kai ne, Kaka?" Ta daɗe ba ta zauna kusa da ni ba. Surukata ta yi kuka, ta je da kanta ta roƙe su su dawo. Uwar ta ce ta yafe duniya da lahira, amma 'yarta ba za ta sake hawa wannan matakalar ba. Bayan 'yan watanni na ji sun koma gida Najeriya. Ban sake ganinsu ba.

Har gobe ina tsokana, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na koyi duba wanda ke tsaye a wurin kafin in buɗe baki. Wasan babba ya fi rantsuwar yaro nauyi a kunnen mutane, balle yaron da ba shi da kowa a garin. In ka yi ɓarna, ka ce kai ne tun a wurin, kafin a ɗora ta a kan wanda ba shi da bakin musu.