Lyall, Wa Zai Duba Mana Hayaƙi?

Ku taya ni da wata 'yar kacici-kacici, ku masu karatu, tunda ni tsohuwa ce kuma makarantata ba ta yi nisa ba. Wane abu ne yana raye bakinsa shiru, ya mutu bakinsa shiru, mu kuma mutanen layi guda muka ɗauki shirun nasa a matsayin "na tashi lafiya"? Kada ku yi saurin ba ni gari. Ni ma da na san amsar da wuri, da yau ba wannan takarda nake rubutawa ba.

Ranar Alhamis, sha uku ga watan Yuni, lokacin da mu nan kudancin duniya muke tsakiyar hunturu, aka tabbatar mana da rasuwar Lyall Tatnell, bakaniken ƙananan injuna na garinmu a nan kwarin Huon. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da tara. Na ce aka tabbatar, domin likita ya ce tun ranar Laraba rai ya yi halinsa. Ni Nola, maƙwabciyarsa ta tsallaken titi shekara arba'in da ɗaya, ni ce na tura ƙofarsa.

Lyall, da kai zan yi magana, tunda yau dai ba ka da bakin katse ni.

Ka sani ba kai kaɗai za a fitar daga layin nan ba. Shekara goma sha biyu ke nan da mijina ya rasu, kuma ka tuna ko makon zaman makoki bai cika ba 'yata Raelene ta samo min ɗaki a gidan tsofaffi can birnin Hobart. Hujjarta biyu, kuma duk gaskiya ne. Da rani ciyawa za ta tashi ta kewaye gida, ta zama maɓoyar macizai da abincin wutar daji. Da hunturu kuma sanyi zai same ni ni kaɗai a cikin gidan katako da kwano. Kana jingine da shingenmu, hannunka duk baƙin mai, ka ce mata, "'Yata, ciyawa da wuta ki bar min. Bakin uwarki ne dai ba ni da kayan gyaransa." Raelene ta yi dariya tana share hawaye, ta ce, "To Mama, muddin Baba Lyall yana tsallaken titi, ki zauna." A kan wannan kalma na kwana a gadona shekara goma sha biyu. Yanzu ga tsallaken titin nan, taga a rufe.

Ba zan ce kai mutum ne mai sauƙin hali ba, don in na faɗa za ka tashi ka ƙaryata ni. Amma ban taɓa ganin wanda injuna suke kai wa ƙara kamar kai ba. Kana zaune a rumfarka za ka ji injin yankan ciyawa daga bayan coci, ka ajiye shayi ka ce, "Wannan matatar iskarsa ta toshe, yana numfashi kamar mai asma." Ka duba kan ciyawar mutum ka gaya masa wuƙar injinsa ta dakushe, wai yagar ciyawa take yi ba yanka ba, shi ya sa bakinta ya yi ja. Idan bazara ta shigo, injuna sukan yi layi a ƙofar rumfarka kamar ranar asibiti. Daga hannun gwauraye irina ba ka karɓar komai sai kwalbar jam ɗin tuffa na shafa wa burodi, kuma ko ita sai ka ɗaga ta a rana ka ce ta fi dacewa da liƙe taya.

Shekarar farko bayan rasuwar mijina na bar fetur a cikin injina hunturu guda. Da lokacin yanka ya yi na ja igiya, na ja, har kafaɗata ta nemi fita. Ka tsallako ba wanda ya kira ka, ka buɗe tanki ka shinshina.

"Nola, fetur ɗin nan ya yi tsami kamar bakinki."

"To sha ka gani, ko zai tayar da naka injin, tsohon banza."

Ka kwance kafireta a kan teburin girkina, a kan sabon mayafin tebur, ka wanke ta kana yi min wa'azi. A tsiyaye fetur idan an gama yankan ƙarshe. A sauya baƙin mai injin yana da ɗumi. In za a kwantar da shi a kankare ƙasansa, fulogi ya kalli sama. Wannan na ƙarshen ban ji ba, sai ranar da na kwantar da shi ta ɗaya gefen, mai ya malale ya jiƙa matata, na tayar da shi farin hayaƙi ya rufe layi har Beryl maƙwabciyata ta fito da bokitin ruwa. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Tun ranar ka sa min suna Uwar Hayaƙi, kuma murhuna bai taimake ni na goge sunan ba.

A kan murhun ɗumama ɗaki muka yi yaƙinmu mafi tsawo. Ni yadda uwata ta yi haka nake yi: in cusa itace har baki, in rufe ƙofar iska ruf, wuta ta yini tana gunaguni. Kai kuwa ganin bututun murhuna yana aman hayaƙi ya fi maka zagi ciwo. Kakan ce, "Duk hayaƙin nan ɗuminki ne yake guduwa. Ke kina rawar ɗari, tsuntsaye suna shan ɗumi." Itace sai ya yi hunturu biyu a rumfa kafin ya ga wuta. Kakan ɗauki guda biyu ka gwara su, in sun yi ƙara tas sun bushe, in sun yi dum ka jefar min da su waje. In an ƙara itace a bar iska a buɗe har sai ya kama sosai, ko an rage kuma kada a shaƙe ta. Gara ƙaramar wuta mai harshe da babbar wuta mai gunaguni. Kowace kaka kana hawa rufina da doguwar tsintsiyarka ka kankare kunkunniya, har bara, ni ina riƙe da tsani ina zaginka don kada ka ga tsorona. Ka sa takarda a bakin ƙofar murhu ka rufe ka ja, in ta zare ka sauya igiyar da ke toshe bakin don kada iska ta kurɗa. Kai ka sa na rufe ɗakunan da ba kowa, na ɗinka tsumma mai yashi na tare ƙasan ƙofa. Itacen da dā yake ƙare min a Agusta ya koma kai ni Oktoba. Ban taɓa yi maka godiya ba. Na ce sanyin ne ya ragu.

Yanzu bari in faɗi abin da nake ta kewayewa.

Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, kuma ƙaraminmu ya wuce sittin da biyar. Ba mu da al'adar buga wa juna ƙofa da safe, kowa yana da girman kansa. Abin da muke yi shi ne, in gari ya waye kowa ya ɗaga labule ya dubi rufin maƙwabta. Inda hayaƙi ya tashi, mai gidan ya tashi. Inda aka kai ƙarfe tara babu, sai a je a duba. Haka aka sami Beryl shekarar da ta karya ƙugu, kuma kai ka fara gani. Kai ne babban mai gadin, daga kujerar nan taka ta bakin taga. Amma gidanka ba ma sa shi a lissafi. Wutarka takan kama cikin minti kaɗan tun kafin mu farka, daga nan sai iska mai zafi kawai take fita, wadda idon tsofaffi ba ya gani. Mukan dubi rufinka mu ce, "Ga mai iyayi can," mu saki labule.

Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, na tashi da niyyar kunyata ka. Na zaɓi itacen da ka gwara da hannunka, na jera ƙirare yadda kake so, na bar iska a buɗe ina kallon agogo. Na fita tsakar titi da rigar barci da takalmin roba, na ɗaga kai. Babu ko zare. Karo na farko a rayuwata, Lyall. Na koma na ɗora shayi na mutum biyu, na zauna ina shirya maganar da zan yaɓa maka. Na san dole ka zo. Ko ka zo ka yaba, ko ka zo da gudu ka ga ko Uwar Hayaƙi ta mutu.

Tara ta yi, ba ka zo ba. Goma ta yi. Na dubi rufinka, fes, kamar kullum. Na ce a raina, ya gani sarai, baƙin ciki ne ya hana shi tsallakowa. Na zubar da shayinka. Laraba na sake yin wutar, na sake jira, na rantse ba ni zan fara zuwa ba. Da rana Beryl ta leƙo don ba ta ga hayaƙina ba, ta ce, "Ke, kina raye? To ina abokin faɗan naki?" Na ce, "Yana can yana jinyar kunya. Ƙyale shi." Da bakina na faɗa. Beryl ta so ta tsallaka, ni na riƙe ta da hira da kek.

Ranar Alhamis na gaji. Na zuba miyar kabewa a kwano, na ce bari in kai wa wanda aka kayar abinci. Ina tsakiyar titi na ga abin da ya kamata in gani tun Talata. Ƙanƙarar da raɓa ta zama ta kwanta fara fat a rufinka, har gindin bututu, ba inda ta narke, alamar babu wuta a ƙarƙashinsa.

Kana kwance tsakanin murhu da kwandon itace, ashana a kusa da hannunka. Ƙirare a jere tsaf, ba a kunna ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai ranar Talata da safe, kuma ka kai Laraba da sauran numfashi. Na tambaye shi, da an zo Talata fa? Ya dubi takalmansa ya ce ba wanda zai iya sani. Yaro ne mai ladabi. Ni na sani. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana hana ni jin sanyi ya kwana ya yini a kan daɓe mai sanyin ƙanƙara, taku talatin daga murhuna, ni ina zaune cikin ɗumin da ya koya min ina jiran ya zo ya ce na iya.

Mutane suna ta cewa kada in ɗora wa kaina laifi. Ɗanka Wade, da ya taso daga wurin haƙar ma'adinai na yamma, ya riƙe hannuna a maƙabarta ya ce, "Inna Nola, Baba ya ce ke kaɗai ce kike sa shi dariya." Na gode masa. Amma maganar ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

Raelene ta zo jana'iza, ta tsaya a falona ta dubi tagarka ta daɗe. Ta ce, "Mama, ba zan jira a kira ni a waya a ce ke ma an tsince ki ba." Na buɗe baki in yi gardama irin tawa, sai na tambayi kaina. Wa zai hau rufi? Wa zai wasa wuƙa in ciyawa ta taso? Wa zai dubi bututuna, tunda ni ma yanzu na iya wutar da ba a gani? Ƙarshen wata za ta zo da mota. An ce ɗakin can yana da na'urar ɗumi a bango, maɓalli ake dannawa, ba toka, ba itace, ba wanda zai leƙo ya ce ka yi ba daidai ba. Injina na ba Wade ya haɗa da kayan rumfarka.

Kwanakin da suka rage min kuwa, ka yafe ni. Beryl ta roƙe ni, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauki rufi biyu masu shiru ba. Don haka kowace safiya, in wuta ta kama tas yadda kake so, sai in ɗauko ɗanyen itace guda in ɗora a kai, in rufe iska. Hayaƙi ya turnuƙe, labulaye su motsa, a san tsohuwar tana nan. Ina yi ina jin muryarka, kuma da za ka tsallako ka zage ni sau ɗaya, da na ba da gidan da abin da ke cikinsa.

Allah Ya jiƙanka, Lyall. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta, Ya haɗa ka da marigayiya matarka Glenys a inda ba a jin sanyi. Yadda ka ɗumama gidajen mutane ba don a gode maka ba, Allah Ya ɗumama makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Wade da iyalinsa, da ƙanwarka Coral da ke Launceston, da dukan tsofaffin layinmu waɗanda yau suke ɗaga labule ba su san wa ke duba nasu ba. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma ku roƙa min gafara, don ni na kasa roƙa wa kaina.

Abin da na tambaye ku da farko, bututun murhun Lyall Tatnell ne. Da wuta a cikinsa ba ya hayaƙi, da wutar ta mutu ma bai yi ba.