Tawadar Baba Lam

Har yau ban manta da Talatar da manajarmu ta ajiye mini fom da biro ta ce in sa hannu, ni kuma na tura mata kayanta gabanta ba. Ku da kuka fara aikin nan bana kuna yawan tsokanata, wai Anti Rakiya tana karanta fayil kamar mai shirin jarrabawa. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wani gidan kula da tsofaffi a unguwar Plumstead, nan ƙasar Turawa. Gidan ne ya ɗauki nauyin bizata, wato in suka sallame ni, kwanakina a ƙasar nan sun zama ƙidayayyu, ni da 'ya'yana biyu. Tsarin gidan kuwa, kowane tsoho akwai ma'aikaciya guda da ke riƙe da fayil ɗinsa. In aka ga ƙwaƙwalwarsa ta ja baya, manaja ta cika fom, mai riƙe da fayil ta sa hannu, likita ya zo ya tabbatar, sai a mayar da tsohon bene na sama. Can ƙofa da lambar sirri take buɗewa, kuma ba a barin mutum da almakashi ko allura ko wani abu mai ruwa da zai iya kurɓa.

Cikin tsofaffin da ke hannuna akwai Baba Lam, mutumin Hong Kong. Ya haura tamanin, ya kuma shafe rabin rayuwarsa yana soya shinkafa a ɗan shagonsa. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da yawancin Turancinsa, amma ta bar masa hannun dama. Kullum bayan karin kumallo zai buɗe wani akwatin katako, ya fito da sandar tawada busasshiya da wani baƙin dutse mai kwarmi. Ya ɗiga ruwa a dutsen, ya yi ta goga sandar a hankali, wani lokaci har rabin awa, sai ruwan ya yi baƙi ƙirin. Sannan ya ɗauki buroshinsa mai tsini, ya daidaita bakin da leɓensa, ya fara zane a doguwar takarda. Abu ɗaya yake zanawa, irin zanensu na gargajiya: duwatsu da ruwa.

Ni wannan bai zame mini baƙon abu ba. Mahaifina a Zariya da hannunsa yake haɗa tawadarsa da ƙaro, kuma ba mai yi masa magana sai ya gama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zanen kansa. Zai yi tsauni a sama, ya yi 'yan duwatsu da bishiya a ƙasa, ya bar tsakiyar takardar fara fat. Wata rana na ce, "Baba, yaushe za ka ƙarasa wannan?" Ya galla mini harara, ya shafa farin da bayan hannunsa, ya ce, "Ruwa." Ya ɗan matsa sama ya ce, "Gajimare." Kunya ta kama ni, ban sake yi masa wannan tambayar ba.

Sai aka kawo mana sabuwar manaja, Karen. Ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya, amma mace ce mai tsoron masu binciken gwamnati, ga shi an shimfiɗa sabon kafet. Sati biyu da zuwanta tawada ta ɗiga a kafet ɗin. Ta shiga ɗakin ta tarar da tsoho leɓensa baƙi yana goga abu a dutse, ga takardu rabi fari jibge a kan tebur. Ran Juma'a ta kwashe akwatin ta kulle a ofishinta, ta sa aka ba shi littafin shafa kala irin na 'yan makarantar reno, da fensira masu launi.

Kwana huɗu Baba Lam ba ya cin abincin kirki. Zai zauna yana juya hannunsa a kan tebur, yana goga tawadar da babu ita. Wannan ma Karen ta rubuta shi cikin alamun ciwo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ran Talata ta kira ni ofis. Fom ɗin ya ce abu uku: yana maimaita motsi ɗaya ba dalili, yana shan tawada, ba ya iya ƙarasa abin da ya fara. Ta ce, "Rakiya, ke ce mai fayil ɗinsa. Sa hannu a nan, likita zai zo jibi."

Na ce, "Ba zan sa ba."

Ta ɗago ta dube ni. Na ce mata tawadar yake haɗawa, haka ake haɗa ta. Na ce bakin buroshi yake gyarawa da leɓe, yadda tela ke lasar zare, kuma ko da sha yake yi, mu a garinmu wanke tawada ake yi a ba mu mu sha, ga ni nan garau a gabanta. Na ce zanen kuma a ƙare yake. Ta ɗaga ɗaya daga cikin zane-zanensa ta ce, "Wannan? Rabinsa ba komai." Daga nan ta sassauta murya ta tuna mini cewa watan gobe ne za a sabunta takarduna, kuma gidan yana son ma'aikata masu haɗin kai. Na gane sarai abin da take nufi. Duk da haka na tura mata biron na fita.

A kicin na haɗu da Memuna, abokiyar aikina, 'yar zangon Kumasi. Ta riga ta ji labari. Ta ce da irin Hausarsu ta can, "Anti Rakiya, ka yi sign kawai mana! Ka na da yara fa. In su ka yi cancel visa, wa zai biya maka flat?" Na ce, "Memuna, in na sa hannu a ƙarya aka kulle bawan Allah nan a sama, da wane ido zan kai masa shayi?" Ta ce taurin kaina ya yi yawa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ran Alhamis da hantsi likita ya zo. Tun da safe na ɗauki makullin ofis daga inda nas ke rataye shi, na fito da akwatin, na ɓoye a ƙarƙashin tawul cikin keken wanki. Na san laifi ne, da idona buɗe na yi shi. Muka taru a ɗakin Baba Lam, ni da Karen da likita. Karen ta shimfiɗa zane guda a tebur, shaidarta ke nan. Likita ya yi masa tambayoyin da aka saba, yau wace rana, wane wata. Tsohon ya kau da kai, ko kallo ba su ishe shi ba. Na ga likita ya fara rubutu, sai na ɗauko akwatin na dire a gabansa.

Karen ta ce, "Wa ya ba ki izini?" Na ce, "Ba kowa. Likita, don Allah ka ba shi minti goma."

Wallahi ban san abin da zai yi ba. Ya buɗe akwatin, ya shafa dutsen kamar mai gaisawa da ɗan'uwa. Likita ya zaro buroshin ya miƙa masa, ya nuna farin takardar ya ce, "Mista Lam, ko za ka ƙarasa mana wannan?" In ya zana, maganar Karen ta tabbata cewa da bai gama ba. In ya ƙi, a ce ba ya iyawa.

Baba Lam ya karɓi buroshin ya mayar cikin akwati. Ya kama hannun rigar likita ya jawo shi ƙasa, ya ɗora farcensa a tsakiyar farin. Likita ya sa tabarau ya sunkuya, ni ma na leƙa. Ashe akwai wani ɗan kwalekwale a wurin, bai fi ƙwayar shinkafa ba, da mutum zaune a ciki riƙe da sandar kamun kifi. Wata nawa ina kallon zanen nan, ban taɓa ganinsa ba. Da na gan shi, duk farin nan sai ya zama kogi a idona, faɗinsa har ya ba ni tsoro.

Tsohon ya tattaro ɗan Turancin da ya rage masa ya ce, "In na cika nan, shi ina zai bi?" Sannan ya ɗauko hatiminsa ya danna a jar tawada, ya buga a gefen takardar, ya tura wa likita.

Likita ya cire tabarau, ya ja layi a kan abin da ya fara rubutawa, ya ce a bar tsohon a ɗakinsa, a kuma shimfiɗa leda a kan kafet.

Ni kuwa ban tsira haka nan ba. An ba ni takardar gargaɗi saboda makullin, aka kuma jera mini aikin Asabar da Lahadi wata uku cur. An sabunta bizar, amma sai da aka ja mini rai har satin ƙarshe, na rame na yi baƙi. Baba Lam ya ƙara fiye da shekara a ɗakinsa na ƙasa, yana goga tawadarsa kowace safiya har satin da ya rasu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan za a yi ta miƙo muku fom a kan mutanen da ba su da bakin kare kansu, kuma sa hannunku ne makullin ƙofar can ta sama. Ku sunkuya ku duba kafin ku sa. Da Karen za ta bar gidan, ta ce in ina so za ta cire takardar gargaɗin daga fayil ɗina. Na ce ta bar mini kayana.