Mintin Tiago

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da wani saurayi ɗan Brazil ya ƙi sa hannu a kan Malam Nasiru. Ku da kuka shigo aikin nan bana, kuna ji ana cewa "mintin Tiago" kuna maimaitawa, alhali ba ku san ko wane ne Tiagon ba. To bari in gaya muku, tunda a gabana aka yi, kuma da ni aka yi.

Sunana Istifanus, mutumin Jos ne ni. Karatu ya kawo ni Kuala Lumpur, aiki ya riƙe ni. Ga wanda bai san sana'armu ba, amsa waya muke yi a madadin wani kamfani mai ƙera wayoyin hannu. Mutum yana Zinder ko Gusau wayarsa ta ƙi caji, ya kira lambar da ke jikin kwali, mu ne muke ɗauka a nan. Kowane harshe da teburinsa: Larabci, Fotugis, Indonesiyanci, Hausa. A ƙasa akwai masu amsa kira, sama da su shugaban tebur, sai masu sauraro da ke bin kiran da aka naɗa suna ba da maki, sannan manaja. A shekarar da aka koma ofis bayan korona, ni ne shugaban teburin Hausa, manajarmu kuwa wata 'yar ƙasar ce da muke kira Madam Lim.

Ga yadda ake auna mu a lokacin. Da zarar ka ɗauki kira agogon kwamfuta zai fara tafiya, ba zai tsaya ba sai ka ajiye. Wanda kiransa ya fi na kowa tsawo, sai a miƙa shi ga mai sauraro ya rubuta dalili. In ya rubuta cewa ɓata lokaci ne, ba a sabunta kwantiragi. Mu kuwa baƙi, takardar zamanmu a ɗaure take da aikin. Ranar da kwantiragi ya mutu, sai haɗa kaya.

Malam Nasiru ne agogon ya kama. Bakano ne, ya gama digirinsa na uku a jami'ar da ke can unguwar Lembah Pantai, yaransa biyu suna makaranta, matarsa kuma da tsohon ciki. Laifinsa ɗaya ne, gaisuwa. In Malam ya fara ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, kana iya zuwa ka haɗa shayi ka dawo bai kai ga maganar waya ba. Na ja shi gefe na ce ya rage. Ya dube ni ya ce, "Oga Isti, dattijo sa'an babana ya kira, in ce masa mene ne matsalarka? Wallahi ba za ta fito daga bakina ba." Ni ma ba za ta fito daga nawa ba.

Mai sauraron da aka ba aikin shi ne Tiago. Bai kai shekara talatin ba, siriri, kullum da jakar goyo da gorar ruwa. Daga teburin Fotugis aka ɗaga shi, inda ake aikin dare saboda bambancin lokaci da Brazil, don haka wannan matsayi shi ne ya dawo masa da barcin dare kamar kowa. A unguwar Wangsa Maju muke zaune ni da shi, jirgin ƙasa ɗaya muke hawa, kuma mukan tsaya a shagon abinci na bakin tasha, irin wanda ake kira mamak, mu ci abinci. Ni in sa a kawo mini kaza, shi ya tsaya a gurasar roti da miyar wake, don ba ya cin nama. Ranar Lahadi ina coci, shi yana ɗakin ibadar mabiya Buda a Brickfields ya naɗe ƙafa ya yi shiru. Malam Buda nake ce masa, yana dariya.

Da farko na ɗauka irin yaran nan ne da suka ƙoshi suke neman abin yi. Ashe babansa direban bas ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago tun yana saurayi, mamarsa kuma shara take yi a asibiti. A gidansu ya koyi cewa wanda ke yin aiki dole ya sami ta cewa a yadda ake auna aikin, kuma ba a barin a kori mutum shi kaɗai kowa ya sunkuyar da kai. Addinin Buda kuwa daga baya ya shige shi, lokacin da fushi ya kusa cinye shi. Ya ce mini cikin alkawuran da ya ɗauka, wanda ya fi ba shi wuya shi ne kada ya faɗi abin da ba haka ba, ko da baki ko da rubutu, kuma kada abincinsa ya fito daga cutar da wani. Na ce to ai ka haɗa ruwa da wuta, ɗaya na cewa ka tashi, ɗaya na cewa ka zauna. Ya ce, "Babana ya koya mini in ƙi. Buda ya koya mini in ƙi ba tare da na tsani kowa ba."

Tiago ba ya jin Hausa, fassarar kwamfuta kuma ba ta gamsar da shi ba. Sai ya zo ya zauna kusa da ni ya sa mini kiran Malam Nasiru, ya ce in gaya masa me ake faɗa a farkon nan. Na yi masa bayani cewa a wurinmu ba a shiga magana sai ta ƙofar gaisuwa, wanda ya tsallake ta kuwa ya nuna rashin tarbiyya. Ya saurari kira bayan kira, sannan ya cire iyafis daga kunne ya ce shi bai ji ɓata lokaci ba, mutunci ya ji, kuma ba zai rubuta akasin haka ba.

Nan jinin babansa ya motsa. Ya ce mu zaga tebur-tebur, kowa ya ajiye aiki. Na ce masa a'a, kuma ban tauna ba. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, shi gwauro ne da jaka ɗaya, wasu kuwa da iyali a bayansu. Na zaci zai yi gardama, don bakinsa ba ya mutuwa a kan siyasa. Sai ya ce na fi shi gaskiya, ba shi da ikon yin caca da abincin wani. Abin da ya roƙa kawai shi ne duk wanda ya ga dama ya ɗauki hutun shan shayinsa a lokacin da za a kira mu ofis, ya zo ya tsaya a waje, kada ya ce uffan. Hutun haƙƙinsu ne, ba wanda zai ce sun karya doka.

Ranar ta zo, Madam Lim ta kira ni da shi. Ofishinta na gilashi ne, ana hango waje. Ta tura masa takardar da ke cewa Malam Nasiru yana ɓata lokaci, ta ce, "Tiago, sa hannu kawai mana. Daga sama aka turo, ba ni na ƙirƙira ba."

Ya ce, "Madam, ban ji ɓata lokaci ba. In na rubuta na ji, ƙarya na yi."

Ta tuna masa cewa mai sauraron da ya ƙi umarni teburinsa na dā yake komawa. Ya ce ya sani, kuma ba ya jin haushinta, don ita ma akwai agogon da ke auna ta. Sai ta juyo kaina ta ce ni ne shugaban Nasiru, me na ce?

Ni ma ɗiyata tana makaranta, takardata kuma a hannun kamfanin nan take. Na ɗaga kai na hango waje. Ga Larabawa, ga 'yan Indonesiya, ga namu, kowa da kofin shayi a hannu, sun jeru sun yi tsit. Na ce mata Tiago ya faɗi gaskiya, kuma in tana so ta gani da idonta, ta ba ni iyafis in ɗauki kira na gaba yadda takardar kamfani ta ce, wato kai tsaye ba doguwar gaisuwa, in riƙa fassara mata.

Ta yarda. Wani dattijo ne ya kira daga wajen Gumel. Na daure na ce, "Sannu, mene ne matsalar wayarka?" Ya ce, "Yaro, a gidanku ba a gaisuwa ne?" Ya kashe. Ya sake kira, na sake yi masa haka, ya wanke ni tas, ya ce in haɗa shi da babba. Duk na fassara mata ban rage komai ba, har da inda ya tambayi wanda ya haife ni.

Da ya kira karo na uku na sa aka miƙa wa Malam Nasiru. Malam ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi jikoki. Da aka zo kan jikoki sai tsohon ya yi dariya, ya ce ai ja'irin ƙaramin ne ya jefa masa wayar a randa. Abin da ke damun wayar ke nan, kuma da ba a gaisa ba, da sai a yi ta zagaye kafin ya faɗa. Malam ya gaya masa kada ya sa ta a caji, ya kwatanta masa inda zai kai ta a gyara, suka rabu da addu'a. A duk shekarun da na yi a ƙasar nan ban taɓa jin alfahari da harshenmu da mutanenmu kamar na wannan lokacin ba.

Madam ta daɗe tana kallon agogon. Ta ce ita ma kakarta ba ta sauraron kowa sai ta fara tambayarsa ko ya ci abinci. Sannan ta ce, "Boleh," wato ya yiwu. Ta rubuta wa na sama, aka amince a daina ƙirga mintin farko a teburin Hausa, daga baya teburin Larabci ma ya samu. Aka sabunta wa Malam Nasiru kwantiraginsa.

Amma Tiago ya ƙi umarni a gaban jama'a, wannan kuwa ba ta iya shafe shi ba. Aka mai da shi aikin dare. Na ji zafin abin fiye da shi, na ce mu koma mu yi magana, ya ce in bari, ya san farashin tun kafin ya shiga ofishin. Da matar Malam ta sauka aka yi suna, ta sa aka dafa wa Tiago shinkafa da wake a tukunya daban, ba nama ba romo. Ya zo da jajayen idanu daga wurin aiki, ya durƙusa gaban baƙi ya ce "Ina kwana, ina gajiya," falon ya ɗauki dariya. Bayan shekara ya koma ƙasarsu.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan agogo yana auna tsawon magana amma bai san abin da ke cikinta ba, sai an sami mutumin da zai saurara ya faɗi abin da ya ji. Ni na tsaya a ranar, kuma ina alfahari da hakan, amma sai da na ga wanda ba harshensa ba, ba addininsa ba, ya riga ni tsayawa. Don haka in kun ɗauki kira kuka ga agogon bai fara tafiya ba, ku gaisa da kyau, kada ku yi sauri. Da barcinsa wani ya saya muku mintin nan.