Hannayen da Suka Ɗora Duwatsun Kufai

A ƙauyenmu na yankin Tabanni, idan damina ta yi nisa masara ta nuna, ɗakin Kaka Asabe ne matattararmu. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu riƙa shigowa ɗai-ɗai, kowa da ɗanyar masararsa a hannu. Ita kuma ta riga ta hura wuta a tsakar ɗaki, ta jingina da gadonta na kara, ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Mahaifiyarta Bagwariya ce, shi ya sa in ranta ya ɓaci Gwaranci take ɓarkewa da shi, mu yi ta dariya ba mu san abin da take faɗa ba. Ni Maigida take kirana, domin sunan mijinta marigayi aka sa mini. Kullum masarar da ta fi ƙonewa take miƙo mini, wai rabon maigidan da ba ya cefane ke nan.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, na zomo da kura da mai kwaɗayin da ya maƙale a tukunya. Guda ɗaya ce ba a dariya a cikinta, kuma yayana Sale ne ya jawo mana ita.

Sale ya bi maharba cikin daji, suka kai har wani tsauni da ake kira Kufai. Ya dawo bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce ganuwa ce ta dutse ta kewaye kan tsaunin, wasu duwatsun sun fi bijimi girma, an ɗora wani kan wani ba laka ba komai. Ya ce ɗaya daga cikin maharban ya gaya masa ba mutane suka gina ta ba, wasu halittu ne suka sauko daga sama cikin wuta suka jera ta a dare guda, suka koma.

Kaka ta ajiye masarar da take juyawa. Ta dube shi.

"Wa ya gaya maka haka?"

"Kowa ma haka yake cewa, Kaka."

"To, ku matso. Yau ba zomo ba kura. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tafi wurin uwarsa tun yanzu."

Ba wanda ya motsa.

Ta ce a zamanin da, mutanen wannan ƙasa manoma ne a kwari, kuma duk bayan girbi mahara kan zo musu a kan dawakai. Shugabansu wani ne da ake kira Kububuwa. Ba ya tambayar kowa komai. Ya cinna wa rumbuna wuta, ya yanka tsofaffi tunda ba za su iya tafiya ba, ya ɗaure matasa da igiya wuya da wuya ya kora su. A wata shekara ya kashe wa wani mutum mai suna Jatau mata da 'ya'ya biyu a gabansa, shi kuma aka bar shi kwance da sara a kafaɗa, ana zaton ya mutu. Ƙanwarsa Tani ce ta ja shi cikin ciyawa ta yi jinyarsa.

Da Jatau ya warke sai ya tara waɗanda suka rage ya ce su hau tsauni su kewaye kansu da dutse. Aka ce ya zautu. Shi kuwa ya tara itace a kan wani falalen dutse ya cinna wuta, da dutsen ya yi zafi ya kwara masa ruwan sanyi, dutsen ya tsage gida biyu da ƙara kamar tsawa. Daga ranar aka fara aiki. Maza na fasawa, suna sa gungumen itace a ƙarƙashi suna ja da igiyar kuka. Mata na ɗauko ƙasa a kwando suna yin tudu mai gangara, ta kansa ake tura dutse har ya hau inda ake so. Kaka ta ce igiya ta sha tsinkewa. Dutse ya gangaro ya bi ta kan wani saurayi, sai da aka kwashe shi a tabarma. Wani ya rasa ƙafa, wani ɓarɓashin dutse ya tsiyaye masa ido. Yaran da aka haifa farkon aikin sun fara kiwon awaki kafin a gama.

Kububuwa ya dawo ya tarar da kwari ba kowa, ga ganuwa a sama. Ya sa mutanensa su hau. Aka sako musu duwatsu, aka bi su da kibau masu dafi, mata suna kwara musu tafasasshen ruwa. Gawarwakinsu suka cika gindin tsauni har ungulaye suka ci suka kasa tashi. Kububuwa bai taɓa ganin irin wannan ba. Sai ya daina hawa, ya kafa sansani a bakin ƙoramar da mutanen suke ɗiban ruwa, ya zauna yana jira.

Tafkin da ke cikin ganuwa ya ƙafe. Jarirai suka fara mutuwa a bayan iyayensu. Wata safiya wasu mata suka kasa jurewa, suka zare sandar ƙofa don su lallaɓa su ɗebo ruwa. Ta nan aka shiga.

A nan muryar Kaka ta yi ƙasa, har sai da muka daina tauna.

Ta ce Kububuwa ya jera mazan a fili, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba hannuwansu. Duk wanda ya ga tabon wuta a hannunsa, ko farcen da dutse ya murƙushe, sai a fitar da shi gefe. Aka ɗora hannuwansu a kan dutse aka datse da gatari. Jatau kuwa aka kwantar da shi a bakin ƙofa, aka turo masa wani dutsen da shi da kansa ya fasa. Tani tana tsaye cikin matan da aka ɗaure, tana gani.

Sale ya ce, "To me ya sa bai rushe ganuwar ba?"

"Ya gwada, ta fi ƙarfinsa. Kuma ba ganuwar yake tsoro ba. Tsoronsa kada mutanen wani ƙauye su ji cewa manoma irinsu ne suka yi ta. In sun ji, gobe kowane tsauni zai yi ganuwa, shi kuma ya ci me?"

Don haka ya yi shela cewa duk wanda ya ce ɗan Adam ne ya gina Kufai za a yanke masa harshe, kuma an yanke wa wasu. Ya tura makaɗansa kasuwa-kasuwa suna cewa daga sama aka sauko aka gina ta. Mutane suka ji daɗin labarin, ya fi na gaskiya armashi, suka riƙe shi. Tani ta yi shekaru a bauta kafin ta gudo. Ta yi aure a wani ƙauye, kuma ba ta gaya wa kowa ba sai 'ya'yanta, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

"Tanin nan," in ji Kaka, "ita ta haifi kakar kakata. Nan na sauke kayana, mai ƙarfin wuya ya ɗauka." Ta dube ni ta ce, "Maigida, masararka ta zama gawayi."

Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Na yi karatu, na samu aikin koyarwa a Kaduna, na yi iyali. Labarin ya kwanta a raina ban cika tuna shi ba.

Sale shi ya zauna a gida yana noma. Shekarun baya, da dajin ya cika da 'yan bindiga, na yi ta roƙonsa ya taso, yana cewa sai ya kwashe amfanin gona. Suka zo da hantsi a kan babura. Suka harbe shi a bakin rumbunsa, suka harbe maƙwabcinsa da ya fito da ɗa a kafaɗa, suka cinna wa gari wuta, suka kora mata da shanu cikin daji. Da ƙyar aka samu waɗanda suka koma suka binne gawarwaki. Tun daga nan ba wanda ya sake kwana a ƙauyenmu.

Kwanan baya ina zaune a tsakar gida da yamma, ɗana Mubarak ya zo da waya yana nuna wa yayarsa Hafsat wani bidiyo. Wani mutum ne ke bayani da Turanci cewa dalar Misra da wasu manyan gine-ginen dutse na duniya sun fi ƙarfin mutanen da, don haka baƙi ne daga wasu taurari suka zo suka gina su, ko suka koya wa mutane. Mubarak ya gamsu ƙwarai. Hafsat kuwa tarihi take karanta a jami'a, ta ce ya kashe abin nan.

Ta ce masu haƙa ƙasa don binciken tarihi sun gano inda aka fasa duwatsun, da sawun kayan aiki a jikinsu. Sun gano unguwar ma'aikatan, da inda ake gasa musu burodi, da kaburburansu, har da ƙasusuwan da suka karye aka ɗora suka warke. Ta ce akwai dalar da aka fara aka kuskure lissafi, aka gyara a ta gaba, kuma wanda ya iya ratso taurari ba zai zo yana koyon ɗora dutse ba. Duk haƙan da aka yi ba a taɓa tsintar ko ƙusa ɗaya da ba ta duniyar nan ba.

"Kuma ka lura," in ji ta, "yawanci sai an zo kan aikin mutanen Afirka da ire-irensu ake cewa ya fi ƙarfinsu."

Ban san lokacin da na fara ba su labarin Kufai ba. Da na gama, Hafsat ta ce, "Baba, ka san malamanmu ba za su karɓi wannan ma haka kawai ba. Sai an je an haƙa, an ga toka, an ga ƙashi. Wataƙila ma ba a taɓa yin wani Kububuwa ba."

Na ce na sani, kuma ban ji haushi ba. Wanda ya ce sai ya je ya duba yana neman mutanen da suka yi aikin ne, ko da zai dawo ya ce Kaka ta yi ƙari. Mai cewa daga sama aka sauko ya riga ya share su tun bai nema ba. Sai dai yau ba malamin da zai iya taka Kufai, domin masu bindiga ne ke kwana a cikinta.

Abin da ya tsaya mini a rai a yammacin nan shi ne rijiyar ƙauyenmu. Mahaifina ne ya haƙa ta da mutum uku. Sun ci karo da dutse a ƙasa, suka yi rani guda suna saransa da diga, har ɗayansu ya bar yatsu biyu a ciki. Yanzu ciyawa ta rufe gari, gidajen laka suna narkewa duk damina, amma rijiyar da aka sara cikin dutse za ta daɗe. Wata rana wani zai tarar da ita a tsakiyar daji, ba gida ba gona, ya tsaya yana mamakin wanda ya yi ta.

Na ce wa yaran su zauna. Na faɗa musu sunayen: Malam Audu kakansu, da Ibro mai yatsu takwas, da Ɗanlami, da Bawa Gurgu da ke jan guga daga sama. Na sa suka maimaita. Mubarak ya manta na ƙarshen, na sa ya sake daga farko.