Baban Fili da Sawun Taya

Shekara goma sha tara Baban Fili ya yi yana kula da filin wasan unguwa, har sunansa na yanka ya ɓace wa mutane. Aikinsa ban ruwa, yankan ciyawa da shafa farin layi. Daga baya aka ƙara masa wani: baburan daji masu manyan tayoyi da 'yan uwansu masu ƙafa huɗu. An ƙera su ne don duwatsu da kwazazzabai, amma masu su suka ga babu dutsen da ya kai ciyawar Baba daɗin hawa.

Baba ba ya iya bin babur da gudu, saboda haka ya koyi karatun sawu. Kowace safiya yakan durƙusa da tef ɗin awo, ya auna faɗin taya, ya duba zanenta, ya faɗi mai ita. Bai taɓa kuskure ba. Sannan ya ɗauki manjagara ya rufe ɓarnar. Shi keke yake hawa, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Nacinsa ne ya sa kwamitin unguwa ya kafa doka. Babur ɗin da aka kama a fili zai yi sati biyu a kulle a sito, inda Baba ke ajiye kayan aiki. In aka sake ganin sawunsa, za a miƙa shi ga hukuma, ba ya dawowa. Shugabar kwamitin, tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama, har karatun sawu Baba ya koya mata.

Wanda doka ta fara ci shi ne Dogo mai walda. Jan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, da shi yake jan ƙarafa zuwa wurin aiki, da shi kuma yake huce gajiya a kan ciyawar jama'a. Aka kulle babur ɗin, aka damƙa wa Baba makullan biyu, na sito da na babur.

Ran kwana na tara, da sassafe, Baba ya shiga ɗauko tiyo, ya tarar babur ya tare hanya. Matsar da shi kawai ya yi niyya. Ya tura, babur ya ƙi motsi, sai ya murɗa makulli. Tunda ba a tuƙi a tsaye, ya zauna. Ya danna totur da babban yatsa.

Sau uku ya zagaye filin. A na huɗu ya nemi birki ya rasa inda yake, ya ratsa ta cikin 'yan itatuwan da makarantar unguwa ta dasa. Ya mayar da babur, ya kulle, ya rarumo manjagara. Ko rabi bai rufe ba Malama ta shigo tattakinta na safe.

Ta gyara tabarau ta sunkuya. "Ƙafa huɗu ne. Tayar baya ta hagu ta suɗe. Na Dogo ne, ko na yi kuskure, Baba?"

"Ba ki yi ba, Malama."

"Ai dama. Mai walda ba ya tsoron kwaɗo."

Baba ya ci gaba da jan manjagara. Ƙarya dai bai yi ba, ya kuma yini yana tuna wa kansa haka.

Da ya koma gida matarsa ta karɓi rigarsa ta shinshina.

"Malam, warin fetur fa?"

"Injin yankan ciyawa ne."

"Wanda ke wurin bakanike tun watan jiya?" Ta tura masa kwano. "Ci abincinka. Ni ban yi karatun sawu ba, hanci kawai gare ni."

Kashegari kwamiti ya zauna a wani aji, manya sun matse a kan bencin yara. Dogo ya zo da kayan aikinsa a jiki.

"Malama, a yi mini adalci," in ji shi. "Da na buɗe kwaɗon nan ai gida zan kai abina. Wa zai saci kayansa, ya dawo da shi ya kulle?"

"Mai wayo," ta ce. Ta juya. "Baba, kai ne masani. Faɗa musu abin da ƙasa ta ce, mu sa hannu mu tashi."

Baba ya miƙe. Takardar miƙa babur ga hukuma tana kan tebur, biro a kanta. Ya yi gyaran murya.

"Babur ɗin na Dogo ne. Amma wanda ya hau bai iya ba. Yana ba da wuta yana saki, kwanarsa kuma irin ta mai keke ce. Dogo maɓarnaci ne, amma ya iya tuƙi."

"To wa ke nan?"

Baba ya dubi allo, ya dubi silin, ya rasa inda aka rubuta wani suna.

"Mai makulli, Malama."

Malama ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa. Dogo ne ya fara magana, a hankali, kamar mai gaida marar lafiya.

"Baba, zagaye nawa ka yi?"

"Uku da rabi."

Ba a kore shi ba, don babu mai son aikin. An dai karɓe makullin sito, yanzu kullum da safe sai ya yi sallama a ƙofar Malama ya roƙa, da yamma ya mayar. Itatuwan kuwa shi ya sake dasawa.

Dogo ya karɓi babur ɗinsa a yammacin ranar zaman kwamitin, saura kwana huɗu wa'adi ya cika, babu wanda ya ɗaga maganar. Baba ne ya buɗe masa ƙofar fili, idonsa na kan takalmansa. Dogo bai tayar da injin ba. Tura shi ya yi da hannu, yana haki, har sai da tayoyin huɗu suka sauka daga kan ciyawa.