Akuyar Goggo da Binciken Murmushi

Babban wana, wanda muke kira Hamma, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da ke ƙetaren kogi, can wajen Girei. Ɗaki ya kama a Sangere, sai ƙarshen mako yake hayo gada ya dawo gida Jimeta, da kayan wanki a jaka da sabon labari a baki. Wankin ni ke yi. Labarin kuwa kowa sai ya ji, ko yana so ko ba ya so. Kafin ya cire takalmi za ka ji ya ce, "Kun san bincike ya nuna..." Ni dai da na ji haka sai kaina ya fara sarawa.

Wata Asabar ya zo da hoto a waya, wai masana sun ɗauko hoton wani baƙin rami a sararin samaniya, ramin da ko haske ne ya faɗa ciki ba ya fitowa. Dada, mahaifiyarmu, ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta duba da kyau, ta ce wannan ai ƙosai ne ya ƙone a tsakiya, kuma mai suyar ba ta iya ba. Da ya ce an gano barin ciki da yunwa na wasu sa'o'i yana gyara jiki, Baba, wanda bai taɓa sakin azumin Litinin da Alhamis ba, ya tambaye shi shekara nawa suka yi a makaranta kafin su gano. Ranar da ya ce ƙananan halittun da ke cikin hanjin mutum suna da hannu a fushinsa da farin cikinsa, duk tsakar gidan ni aka juyo aka kalla. Har yau in na ɗaga murya sai Dada ta ce a ƙyale ni, ba laifina ba ne, 'yan hanji ne.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tanka masa ba, Goggo, yayar Baba. Ta zo mana ne shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya. Tare suka fito da mijinta har bayan gari, sai ya ce zai koma ya kwance wa dabbobinsa igiya kada su mutu a ɗaure. Bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Goggo ta iso ƙofar gidanmu ƙafafu a kumbure, da goyo a bayanta. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka Dada ta ɗauka marayan wasu ta tsinto a hanya. Ta miƙa hannu za ta karɓa, sai goyon ya ce, "Mee!" 'Yar akuya ce ja mai farin goshi, ita kaɗai ta biyo su da suka fito.

Tun daga ranar ban ƙara ganin haƙoran Goggo ba. Ba ta faɗa, ba ta kuka, fuskar ce dai a murtuke safe da yamma. Yaran unguwa in ƙwallonsu ya faɗo gidanmu suka leƙo suka gan ta, sun gwammace su haƙura da shi. Akuyar ce kawai take yi wa magana, da Fillanci, ƙasa-ƙasa. Saboda ita take tashi da sassafe, saboda ita take fita nemo dusa da harawa, kuma sai akuyar ta ci ita ma take ci. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma duk mun san ran Goggo a jikin dabbar nan yake rataye.

Ni kuwa ba ma ga maciji da akuyar. Ta cinye min gefen mayafin da na saya don bikin ƙawata, ta tunkuye ni ina alwala na kife cikin kwata, in na shanya kaya sai na tsaya gadi. Na sha yi mata addu'ar Allah ya haɗa ta da Babbar Salla, amma a zuci, don ban isa in faɗa a fili ba.

Shekaru suka wuce, 'yar akuya ta zama uwa. Sai wata bazara, bayan an gama zaɓe, lokacin zafin nan na Yola da ko ƙadangare ke neman inuwa, ta daina cin abinci. Ta rame, gashinta ya tashi, ta daina tuƙa, sai dai ta tsaya jikin bango kai a ƙasa. Goggo ta jiƙa kanwa, ta jiƙa maɗaci, ba abin da ya canza. Ita ma sai ta ajiye cokali. Dada ta dama kunun gyaɗa ta kai mata, ya huce a ƙofar ɗaki har ƙuda suka gaji da shi.

Baba ya ce, "Adda, a kai ta asibitin dabbobi mana."

Ta ce, "Ba inda za ta. Abin da ya ɓace wa idona ba ya dawowa."

Ni ma, duk da ƙiyayyar da ke tsakanina da dabbar, tsoro ya kama ni, don zanin Goggo ya fara zagaye ta sau biyu.

Cikin wannan hali Hamma ya yi sallama ranar Asabar. Ya dubi akuyar, ya dube mu, sai na ga bakinsa yana motsi. Na ce, "Hamma, don girman Allah, ba yau ba." Ina! Ya riga ya fara. Wai wasu masana a Ingila sun kafa wa awaki hotuna biyu na mutum, ɗaya yana murmushi ɗaya ya haɗe rai, sai awakin suka fi nufar mai murmushin suna shinshinarsa. Wai akuya tana karanta fuskar ɗan Adam.

Dada ta tafa hannu. "To ai shi ke nan, an gano ciwon! Dabba tana zaune gidan da kowa ya ɗaure fuska kamar ofishin 'yan sanda, ta ina abinci zai shiga?"

Hamma ya ce, "A'a Dada, ban ce magani ba ne, cewa na yi sun fi so..."

"Kai ka kawo bincike, mu za mu yi aiki da shi."

Nan take doka ta fita: duk wanda zai wuce ta gaban akuya, sai ya tsaya ya yi mata murmushi. Baba ne ya fara, zai tafi masallacin La'asar. Dattijon da ya yi ritaya daga ma'aikatar gwamnati, wanda masinjoji ke tashi tsaye in ya shigo, ya tattare babbar riga, ya sunkuya, ya yaƙe haƙora har da giɓinsa na gefe. Akuya ta dube shi, ta juya ta fuskanci bango. Ya miƙe ya ce shi dai ya sauke nauyi.

Aka zo kaina. Na ce wallahi ba zan yi ba, ni da yara arba'in da wani abu ke tsoro a aji, in tsaya ina washe wa ɓarauniyar mayafina baki? Dada ta ce in ba zan yi don akuya ba, in yi don Goggo. Na durƙusa na yi. Hamma ya ce wannan murmushin nawa ya fi zagi ciwo, in saki goshi. Na saki goshi. Ya ce in sa idanu su ma su yi dariya. Na ce in ya ƙara magana ɗaya shi zai wanke wandunansa har ya mutu.

Labari ya tsallaka katanga. Maƙwabcinmu, wani tsohon malamin makaranta mutumin Ganye, ya dawo daga gwajin waƙa na coci ya shigo da kansa, ya ce shi Allah ya yi masa wushirya, bai ga dalilin da za a bar ta ta tafi a banza ba. Ya ja kujera ya zauna gaban akuya. Dada ta tsaya a bayansa, ni a gefe, Hamma yana gyara mana tsayuwa. Muna cikin haka mai ruwa ya turo kurarsa ya shigo. Ya ga manyan mutane huɗu sun kewaye dabba sun yaƙe haƙora, ba mai magana. Ya ce, "Subhanallahi," ya ja kurarsa da baya-baya. Ranar ruwan maƙwabta muka sha.

Goggo tana zaune bakin ƙofarta tana kallonmu. Ta ja tsaki ta ce, "Allah ya shirye ku."

Washegari Hamma ya ce mu muka ɓata aikin, masana da hotuna suka yi, ba da fuskokin da akuya ta riga ta gaji da su ba. Ya fita ya yago fastar wani ɗan takara da ya sha ƙasa a zaɓe, yana dariya har kunne kamar shi ya ci. Saura fuskar fushi. Ina ɗaki ina guga, ban san me ake ƙullawa ba, na fito na tarar da babban hotona na gama kwaleji a jingine jikin turmi. Ko izini ba a nema ba! Na ce me ake nufi da ni a gidan nan? Baba ya ce in yi haƙuri, an duba duk hotunan gidan, nawa ne ya cika sharaɗi.

Aka kwance akuya. Ta tsaya tana layi, ta dubi hotona, ta kawar da kai, abin da har yau ban yafe mata ba. Ta taka a hankali zuwa wurin ɗan takara, ta shinshine shi, ta kama gefen hularsa ta fara ci. Ta ci hular, ta ci ido ɗaya, ta gangaro kan murmushin. Dada ta rangaɗa guɗa. Maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tafi, yana cewa dama mutumin nan ya yi alkawarin ciyar da talakawa. Goggo ta miƙe da sauri ta kawo harawa mai kyau ta ajiye mata. Akuya ta shinshina ta kawar da kai.

Hamma ne ya fara daina dariya. Ya durƙusa ya danna cikin akuyar ta gefen hagu, ya sake dannawa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya matsa gaban Goggo ya zauna a ƙasa.

"Goggo, wannan ba aikin murmushi ba ne. Akwai abu mai tauri a tumbinta, ina jin leda ce ta tara. In ba a ciro ba za ta mutu. Ki yafe min wasan da na jawo, amma sai an kai ta wurin likita."

Ta juya ta shige ɗaki.

Da safe, Hamma ya koma bakin aiki, ina shirin makaranta, sai ga Goggo a ƙofar ɗakina da mayafi. Ta ce, "Ke Malama, ɗauko jakarki. Ke ce mai baki. Ki gaya musu ba wanda zai shiga da ita ya bar ni a waje."

Bakin kuwa ya yi rana. Mai Keke Napep na farko da muka tsayar ya ce shi ba ya ɗaukar dabba, jiya ya wanke kujera. Na ce masa fasinjojin da yake ɗauka kullum wa ya duba tsabtarsu? Muka kai ruwa rana, mutane suka taru, ƙarshe ya ce mu shiga don Allah in dai zan yi shiru. A asibiti ma haka na yi da mai gadi, na yi da mai rubuta kati, har likitar ta fito da kanta, wata doguwar mata 'yar Numan. Ta saurare ni, ta dubi Goggo, ta ce, "Mama, dama ina neman mai riƙe mata kai. Shigo."

Aka kwantar da akuya a kan tebur, aka aske gefen cikinta, aka yi mata allurar kashe zafi. Idonta biyu, tana numfashi sama-sama. Likita ta tsaga ta fara ciro kaya: ledar fiya wata, baƙar ledar cefane, guntun igiya, duk sun murɗe sun zama dunƙule ɗaya. Warin kuwa ba a magana. Na juya kaina don kada in yi amai, sai idona ya faɗa kan Goggo.

Ta tallafe kan akuyar da hannu biyu, ta kawo fuskarta dab da tata, ta yaƙe haƙora gaba ɗaya. Murmushi take yi, irin na wanda ya manta yadda ake yi, leɓe yana rawa, kumatu sun ƙage, hawaye na bin su suna ɗiga a goshin dabbar. Ba ta saki ba har aka gama ɗinki. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

Likita ta ce an yi sa'a, za ta tashi, a dai riƙa ɗaure ta nesa da bola. Muka samu wani keken, Goggo ta rungume akuyar a cinya. Mun kusa kasuwa na kasa haƙuri, na ce, "Goggo, ashe dai kin yarda da binciken Hamma."

Ta shafa kunnen akuyar. Sannan ta ce, "Ban sani ba ko gaskiya ne. Amma shi maigidana, da zai koma kwance dabbobi, ya juyo yana yi min wasa don in sake, ni kuma na haɗe masa rai don haushi. Da wannan fuskar ya tafi. Wannan kam ko mutuwa za ta yi, na ce ba za ta tafi da irin fuskar ba."

Keke ya faɗa rami, akuya ta yi nishi, sai na jawo ƙafafunta na baya na ɗora a cinyata, na dafe ɗinkin da hannu har muka iso gida.